Sheƙar Ƙaya da Bangon Maƙwabci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanar da kowace halitta hanyar da za ta gyara zamanta. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, matafiyin da ya saba bin ƙauyukan ƙasar Talata Mafara, kamar Ruwan Gizo, ko ya ratsa ta Bakura da Maradun, yakan ga wani abu a kan manyan itatuwa, musamman kuka da gawo da ke tsaye a bakin gari ko kusa da mashayar shanu. Tarin ƙirare ne da ƙaya a cushe tsakanin rassa, baƙi ƙirin daga nesa, sai ka ce wani ne ya gama shinge ya watsa ragowar ƙayar sama. Yawancin mutane ba su ɗaga kai su dube shi sau biyu, domin ba shi da kyan gani. To, amma wannan tarin ƙaya gida ne, kuma a cikinsa akwai abin lura ga mai hankali.

Mai wannan gini wani baƙin tsuntsu ne wanda ya kusa kurciya girma, mai yawan hayaniya, wanda yakan sauka ƙasa garke-garke yana kiwo a sawun shanu. Idan lokacin yin ƙwai ya zo, watau da damina, bakin namijin yakan rikiɗe ya yi fari. Masana tsuntsaye suna lissafa shi cikin dangin kabare, kuma ana samunsa tun daga Senigal har zuwa Habasha, a ƙasashen da ke bakin hamada. Amma gininsa ya saɓa da na kabare. Shi kabare saƙa yake yi da ɗanyar ciyawa, kowa da 'yar sheƙarsa tana reto a ƙarshen reshe, ko da yake a itace ɗaya suke taruwa. Wannan kuwa ƙirare masu ƙaya yake ɗaukowa ɗaya bayan ɗaya, yana soka wani cikin wani, wanda ya zo daga baya ya jingina aikinsa a jikin na wanda ya riga shi, har abin ya zama dunƙule guda, ba a iya cewa ga inda ginin wane ya ƙare ko ga inda na wane ya soma.

Da za a buɗe wannan dunƙule, da an tarar ɗakuna ne da yawa, kowanne da ƙofarsa, an shimfiɗe cikinsa da ciyawa da ganye mai laushi. Macen da ta kwanta a kan ƙwai a wannan ɗaki ba ta ganin ta wancan. Kowane namiji ya san sashensa, yana kuma tsaronsa. Watau daga waje gida ɗaya ne, daga ciki kuwa unguwa ce guda.

Allah Ya sanya irin wannan hikima ga wata tsuntsuwa a can nesa. Tsiryar da aka sani a ƙasar Hausa, koriya mai dogon bindi da jan baki, ba ta gini. Kogon itace take nema ta yi ƙwai a ciki, haka ma aku. Amma a Amurka ta Kudu, a ƙasashen Ajantina da Uruguwai da Faraguwai da kudancin Burazil, akwai wata 'yar'uwar tsirya, koriya mai toka-tokan goshi da ƙirji, wadda ta fita daban da sauran danginta. Ita da bakinta take yanko ƙirare, ta fi son masu ƙaya, ta gina ɗaki a kan itace. Namiji da mace ɗaya ne sukan fara, sa'an nan waɗansu su zo su manna nasu ɗakin a gefe, har a sami ɗakuna masu yawa a ƙarƙashin rufi ɗaya. Ƙofofin sukan fuskanci ƙasa, domin ya yi wa maciji da shaho wuyar shiga. Irin wannan sheƙa takan yi nauyi har ta kai kilo 200. Ba su barinta idan 'ya'ya sun tashi. A ciki suke kwana rani da damina, kullum kuma ana gyara, wannan ya kawo ƙire, wancan ya gyara wanda ya goce. Waɗanda aka kai Turai da Amurka a keji suka kuɓuce sun kafa irin wannan gini a biranen Madrid da Basalona da Niyok da Shikago, kuma kaurin ginin yana cikin abin da ke taimakonsu su jure sanyin da ƙanƙara ke zuba.

Wani zai ce, ina ruwan filin addini da sheƙar tsuntsu? Amsa ita ce Alƙur'ani mai girma da kansa ne ya umurci mutum ya duba. A Suratul An'am, aya ta 38, Allah Ya bayyana cewa dabbobin ƙasa da tsuntsayen sama al'ummomi ne kamar yadda mutane suke al'umma. A Suratul Ma'ida, aya ta 31, hankaka ne aka aiko ya koya wa ɗan Annabi Adamu yadda zai binne gawar ɗan'uwansa, kuma ya ji kunyar cewa tsuntsu ya fi shi sanin abin yi. Har ila yau a Suratun Nahli, aya ta 79 ta jawo hankali ga tsuntsaye da babu mai riƙe su a sararin sama sai Allah, aya ta 80 da ke biye da ita kuwa ta ambaci ni'imar gidaje da Allah Ya sanya su wurin natsuwa ga mutane. Ba a banza aka jera waɗannan biyu kusa da juna ba. Tsuntsu ba shi da hankalin taklifi, ba a ba shi lada a kan gininsa, ba a kuma yi masa azaba in ya ƙi. Ilhama ce kawai. Mutum kuwa an ba shi zaɓi, saboda haka abin da tsuntsu ke yi bisa halitta, shi an ɗora masa shi bisa shari'a, kuma za a tambaye shi.

Abin da ke riƙe sheƙar ƙaya shi ne jingina. Ƙire ɗaya ba ya zama a kan reshe, iska kaɗan ta jefar da shi. Sai an soka shi cikin na wani yake tsayawa. To, akwai hadisi a kan wannan mas'ala daidai wa daida. Imamu Malik a Muwaɗɗa, da Buhari da Muslim, sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya ƙi wa maƙwabcinsa izinin kafa itacen rufinsa a jikin bangonsa. Da Abu Huraira ya faɗi wannan hadisi ya ga mutane sun sunkuyar da kai, ba su so, sai ya yi rantsuwa cewa sai ya jefa musu shi tsakanin kafaɗunsu. Wannan ya nuna tun a wancan zamani abin yana yi wa zuciya nauyi. Mutum ya tona ƙasa, ya kwaɓa, ya yi tubali, ya biya magini, sa'an nan a ce wani ya zo ya ɗora azararsa a kai kyauta? Zuciya ba ta so. Amma bangon da aka ɗora wa azara ta ɓangarori biyu, aka rufe shi da ɗaki ta nan da ta can, sau da yawa ya fi daɗewa bisa ga wanda ke tsaye shi kaɗai ruwa yana dukansa.

Malamai sun yi saɓani a kan ƙarfin wannan hani. Imamu Ahmad da waɗansu malaman hadisi sun tafi a kan cewa wajibi ne, muddin babu cutarwa ga bangon. A mazhabar Malikiyya kuwa, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a gaban malami ya sani, abin so ne, bai kamata a hana ba, amma alƙali ba zai tilasta wa mai bango ba. A nan ne waɗansu suke zamewa. Da sun ji cewa alƙali ba ya tilastawa, sai su ɗauka an ba su hujjar ƙi. Ko kusa. Rashin tilas na alƙali bai ɗauke umurnin Annabi ba, sai dai ya bar al'amarin tsakanin bawa da Ubangijinsa, wanda kuwa ya fi kotu wuyar amsawa. Ai akwai abubuwa da dama da alƙali ba ya ɗaure mutum a kansu, kamar gaida marar lafiya da rakiyar gawa, amma babu mai mutuncin da zai yi alfahari da barinsu.

A Muwaɗɗa ɗin dai akwai wata ƙissa da ta kamata manoman rani na wannan yanki su haddace. Wani mutum mai suna Dahhaku ɗan Halifa ya so ya ja magudanar ruwa zuwa gonarsa, amma dole sai ta ratsa ta gonar Muhammadu ɗan Maslama, sahabi babba. Muhammadu ya ƙi. Dahhaku ya nuna masa cewa shi ma zai amfana, zai sha ruwan farko da ƙarshe, kuma ba ya cutar da shi da kome. Ya dai ƙi. Da magana ta kai ga Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, ya kira shi ya lallashe shi, ya sake ƙi, sai Umar ya rantse cewa ruwan nan sai ya wuce ko da ta kan cikinsa ne, ya kuma umurci Dahhaku ya ja magudanarsa. Mashhurin mazhaba bai mayar da wannan hukunci na tilas ga kowa ba, domin tsoron kada mutane su mai da shi hanyar cin gonakin juna, amma ƙissar ta isa ta nuna yadda magabata suke kallon mai hana abin da ba ya rage shi da kome. A gonakin da ke shan ruwan madatsar Bakolori, tsakanin Talata Mafara da Bakura, kowa ya san irin wannan rigima. Na sama ya toshe lambatu da dare domin fadamarsa ta ƙoshi, shinkafar na ƙasa tana ƙonewa, da safe kuma su haɗu a sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Wanda ya yi haka ya sani cewa ruwan da ya wuce bukatarsa ba nasa ba ne, kuma hadisin da ya hana cuta da cutarwa ya hau kansa.

A da, wannan jingina tana da suna a ƙasar Hausa, watau gayya. Kafin ruwa ya sauka akan kewaya gida-gida ana yaɓe, a ɗaure jinka a tsakar gida, samari su taru su ɗaga ta su ɗora a kan ɗaki, mai gida ya kawo fura da goro, gobe kuma a koma gidan wani. Daga nan ne aka samo karin maganar da ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yanzu bulo da kwano sun yawaita, aikin ya koma na lada, kuma babu laifi a biyan lada. Sai dai tsohuwar da ba ta da ɗa a gari, da gajiyayyen da ba shi da abin biya, su ne aka bari a baya, ɗakinsu yana yoyo har wata rana a ji ya faɗa musu cikin dare. Annabi ya kwatanta muminai da gini wanda sashensa ke ƙarfafa sashe, ya kuma sarƙe yatsunsa domin ya nuna. Duk wanda ya taɓa duban sheƙar ƙaya da kyau zai gane wannan sarƙewa.

To, wannan ɓangare ɗaya ke nan. Ɗayan kuwa shi ne ƙofa. Tsuntsayen nan sun haɗa bango, amma ba su haɗa ɗaki ba. Musulunci ma da ya ce a ba maƙwabci bango, bai ce a ba shi sirrin gida ba. Suratun Nur, aya ta 27 da ta 28, ta hana shiga gidan wani sai da sallama da izini, in kuma aka ce a koma, a koma ba tare da fushi ba. A hadisin Sahlu ɗan Sa'adu an bayyana cewa saboda ido ne aka shar'anta neman izini. Malaman Malikiyya sun yi zurfi ƙwarai a wannan babi. Sun hana buɗe taga da za ta leƙa tsakar gidan wani, sun hana yin ƙofa daura da ƙofar maƙwabci a lungu ta yadda za a riƙa ganin shige da ficen iyalinsa, sun hana tona rami da zai raunana ginin wani ko da a cikin filin mai tonon ne. An ruwaito a littattafansu cewa Sayyidina Umar ya yi umurni game da tagar bene a ajiye gado a ƙarƙashinta, mutum ya hau ya tsaya. In ya hango cikin gidan maƙwabci, a toshe ta. A ƙarni na 8 na Hijira an yi wani magini a birnin Tunis, ana kiransa Ibnur Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya dubo rigingimun gini, ya kuma tara hukunce-hukuncen a littafi guda. Ashe ke nan fiƙihun bango da taga ilmi ne mai zaman kansa, har magini ya zama malami a cikinsa.

Yau da benaye suka fara tashi a garuruwan da a da soro ɗaya ne iyakar tsawo, wannan babi ya zama abin bukata. Mutum ya sami kuɗi ya ɗora bene, ya buɗe taga a kan tsakar gidan talaka, matan gidan ba su da ikon yin wanka ko shan iska da zafi, mai gidan kuwa yana jin nauyin magana domin mai benen ne ke ba shi bashi. Haka nan mai juya indararonsa ya riƙa zuba a gindin bangon wani, da mai tona masai a jikin ɗakin kwanan maƙwabci. Waɗannan duka, saɓanin mas'alar azara, alƙali yana da ikon hanawa, domin cuta ce. Abin mamaki, sau da yawa wanda ya fi kowa tsananin hana a taɓa bangonsa, shi ne ya fi kowa sakaci da inda ruwansa da idonsa suke faɗawa.

Kada a ɗauka zaman tsuntsayen nan babu aibi. Masu lura da tsiryar Amurka ta Kudu sun ga cewa akwai ɓarayi a cikinsu, waɗanda maimakon su je su yanko ƙire, sai su jira maƙwabci ya fita kiwo su zare nasa su kai ɗakinsu. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Amma mai zare ƙiren bai san cewa bangon da yake ragewa shi ne ke riƙe da nasa ɗakin ba, kuma ranar da reshe ya karye, ko dunƙulen ya zame, ba a zaɓen ɗakin da zai faɗi. Wannan ita ce ma'anar misalin jirgin ruwa da Nu'umanu ɗan Bashir ya ruwaito, inda na ƙasa suka so su huda nasu sashen domin su ɗebi ruwa, aka kuma bayyana cewa in na sama suka ƙyale su, gaba ɗaya za su nutse. Mai cin iyakar gona taƙi ɗaya kowace shekara, da mai matso da katangarsa cikin hanya, su ne masu zare ƙire, unguwar da ta gani ta yi shiru kuwa ta yarda a huda jirgin.

Mutanen wannan yanki sun san ɗacin barin gida. Lokacin da aka gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, wadda aka kammala a 1978, dubban mutane ne ruwa ya tasa daga gidajensu da gonakinsu a ƙasar Maradun. A shekarun baya-bayan nan kuma ta'asar 'yan bindiga ta kori jama'a masu yawa daga ƙauyukan Zamfara zuwa manyan garuruwa, yawancinsu mata da yara. Irin wannan mace ba ta neman ɗaki a cikin gida. Abin da take nema shi ne a bar ta ta jingina zana biyu da leda a bayan katanga, ta sami inuwar da za ta kwantar da marayunta. Hadisin azara ya fi dacewa da ita bisa ga kowa, domin Suratun Nisa'i, aya ta 36, da ta yi wasiyya da maƙwabci na kusa, ta haɗa da maƙwabci na nesa da ɗan hanya. Allah kuma Ya yabi mutanen Madina a Suratul Hashri, aya ta 9, saboda son waɗanda suka yi hijira zuwa gare su da fifita su a kan kansu alhali su ma suna da bukata. Gaskiya ne akwai tsoro, domin an sha ganin masu kai wa ɓarayi rahoto suna fakewa cikin baƙi, kuma shari'a ba ta ce mai gida ya rufe ido ba. Maganin wannan shi ne bincike ta hannun mai unguwa da liman da waɗanda suka san asalin baƙon. Korar kowa saboda tsoron mutum ɗaya zalunci ne ga sauran. Ko a sheƙar tsiryar can, an sha ganin waɗansu tsuntsaye da ba danginta ba sun sami ɗakin da babu kowa sun zauna, masu gini suna ci gaba da aikinsu.

Saura haƙƙin su kansu tsuntsayen. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata ƙaramar tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana kaɗa fikafikai a kansu, da Annabi ya dawo ya gani sai ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya kuma umurta a mayar mata da 'ya'yanta. Bahaushe ya riƙe wannan ladabi ga shamuwa, wadda ke zuwa gab da damina ta tara ƙirarenta a kan itacen tsakiyar gari, babu mai jifanta, domin ana ganinta mai bushara da ruwa. Ya kamata iyaye su sanar da yara masu yawo da danƙo cewa hukuncin bai tsaya ga shamuwa ba. Tsuntsun da ke ɓarna a gona, kamar jan-baki da ke sauka a kan shinkafa da dawa dubbai-dubbai, an halatta korarsa da kare amfanin gona daga gare shi gwargwadon cutarsa. Amma zuba wuta a sheƙa domin wasa, ko sare itacen da ke ɗauke da ƙwai domin a yi gawayi, wannan ba kare gona ba ne. Wanda sheƙa ta yi nauyi a kan reshen da ke bisa rufin ɗakinsa, har yana tsoron ya karye, yana da damar sare reshen, sai dai in babu haɗari na gaggawa ya jinkirta har kaka, lokacin da 'ya'yan suka tashi. In kuwa itacen yana kan iyaka ne tsakaninsa da wani, to, ya nemi shawarar maƙwabcin kafin ya ɗora gatari, domin shi ma yana da rabo a inuwar. Allah ne Mafi sani.